Ba Kare Zuma: Kurakuran da Aka Fi Yi da Yadda Ake Gyara Su

Baligin kare mai ƙoshin lafiya zai lashi zuma kaɗan ba abin da zai same shi. Zuma tsantsa ba guba ba ce ga kare, ba kamar cakulan ko zabibi ba. Amsar ke nan a taƙaice ga mai tambayar ko za a iya ba kare zuma, kuma daga nan ne akasarin matsalar ke tasowa, domin da mutum ya ji an ce ba ta da illa sai ya ɗauka magani ce. Abin da ke kai kare asibiti ba cokalin zumar ba ne shi kaɗai. Ko dai an ba karen da bai kamata a ba shi ba, ko an wuce ƙima, ko akwai wani abu a cikin kwalbar ban da zuma, ko kuma an tsaya ana ta ba shi zuma kwana da kwanaki alhali ciwon da ke jikinsa na likita ne.

Auna wa kare da cokalin mutum

Zuma sukari ce. Wajen kashi 80 cikin 100 na nauyinta sukari ne, galibi furuktos da gulukos, kashi 17 zuwa 18 ruwa ne. Bitamin da ma'adanan da ake yawan yabonta da su suna nan, amma ɗan mitsitsi ne, ba su kai su ƙara wa karen da ke cin cikakken abinci komai ba. Bitamin C ma hantar kare ce ke yi masa da kanta. Kare yana son zuma ne saboda harshensa na jin zaƙi, saɓanin kyanwa da ba ta jinsa. Rawar wutsiyar da yake yi ba shaida ce ta cewa jikinsa na bukatarta ba.

Babban cokali ɗaya na zuma giram 21 ne, da sukari giram 17 da kalori 64. Ƙaramin cokali, wato na shayi, giram 7 ne da kalori 21. Karen da nauyinsa kilo 5 ne yana bukatar kalori 350 zuwa 400 a wuni guda. Ke nan babban cokali ɗaya ya cinye kusan kashi ɗaya cikin shida na abincinsa na ranar, daidai da mutum mai cin kalori 2000 ya shanye manyan cokula biyar a zama ɗaya. Ƙa'idar da likitocin dabbobi ke bi ita ce duk wani kayan kwaɗayi da ake ba kare ban da ainihin abincinsa kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na kalorin rana, kuma zuma a cikin wannan kason take shiga tare da biskit da sauran abin da ake jefa masa.

Iyakar da ta dace ga baligin kare lafiyayye ita ce rubu'in ƙaramin cokali ga wanda bai kai kilo 5 ba, rabin ƙaramin cokali ga mai kilo 5 zuwa 10, ƙaramin cokali ɗaya ga mai kilo 10 zuwa 25, biyu ga wanda ya haura haka. Iyaka ce, ba wai adadin da dole a cika kullum ba. Sau biyu ko uku a mako ya wadatar, wanda bai sha ba ko sau ɗaya kuma bai rasa komai ba. A lura da cokalin kansa. Zuma mai kauri tana yin tozo a sama, tana kuma manne wa bayan cokali, har a kwaso kusan ninki biyu ba a sani ba. A tsoma cokalin awo a ruwan ɗumi tukuna, a ɗebo, a shafe bakinsa da bayan wuƙa. Za ta sulale gaba ɗaya, kuma an san abin da aka bayar.

Karon farko ba a fara da cikakken awo. A dangwalo da kan yatsa a ba shi, a jira kwana ɗaya ko biyu ana duba kashinsa da fuskarsa. Kumburin leɓe ko fatar ido, borin jini a ciki da cinyoyi, yawan susa, ko amai, duk alamu ne na cewa jikinsa ya ƙi ta, sai a bari har abada. Idan kumburin ya zo da wahalar numfashi, asibiti nan take. Karen da aka san harbin ƙudan zuma na tayar masa da borin jini, gara a bar shi ba zuma.

In kare ya sami kwalba ya shanye, abin da ke biyowa yawanci zawo ne da amai, domin sukarin da hanji ya kasa tsotsewa yana janyo ruwa zuwa cikin hanjin. A ajiye masa ruwa mai tsabta, a sassauta abinci, a duba ko ya haɗiye murfi ko roba ko fasasshen gilashi, a kuma karanta jikin kwalbar don a tabbatar zuma ce zalla. Kada a ɗura masa ruwan gishiri wai don ya amayar. Gishirin na iya yi masa illar da ta fi ta zumar nesa ba kusa ba, har ya kai ga jijjiga da mutuwa. Zawon da ya wuce awa 24, ko ya zo da jini, ko kare ya kwanta ya ƙi ruwa, na likita ne.

Karen da ya riga ya yi ƙiba kuwa ba shi da rabo a nan. A shafa gefen ƙirjinsa da tafin hannu: in sai an danna da ƙarfi kafin a ji haƙarƙari, kitse ya yi yawa, zuma ƙari ce a kan matsala.

Kwikwiyo da karen da garkuwar jikinsa ta yi rauni

Ba a ba kwikwiyon da bai cika shekara ɗaya ba zuma, kamar dai yadda ba a ba jaririn ɗan Adam kafin wata 12. Zuma na iya ɗauke da ƙwayar cutar Clostridium botulinum a kwance cikin ɓawonta mai tauri. A hanjin babba, sauran ƙwayoyin da ke zaune a can ba sa ba ta sarari ta tsiro. A hanjin da bai gama ƙosawa ba, tana iya farkawa ta fara fitar da dafin da ke shanye jijiyoyi.

Kuskuren da ake yi a nan shi ne ɗaukar cewa zumar kamfani da aka ɗumama aka tace ta tsira daga wannan, ɗanyar ce kawai abin tsoro. Ba haka ba ne. Ɗumamawar da kamfanoni ke yi don kashe yis ne da hana zuma saurin daskarewa, zafinta bai ko kai na tafasar ruwa ba. Ɓawon wannan ƙwayar cuta kuwa sai an kai digiri 121 a tukunyar matsin tururi kafin a tabbatar an hallaka shi. Tafasa zuma a gida ma ba ya wadatarwa, ɓata ta kawai yake yi.

Gaskiya ce cewa botulizim, wato ciwon da wannan dafi ke haddasawa, a karnuka galibi daga cin mushe yake zuwa, kuma kare ya fi dabbobi da yawa juriya a kansa. Haɗarin zuma ƙarami ne. Amma amfaninta ga kwikwiyo babu shi sam, don haka ba dalilin sayen ko da ƙaramin haɗari. Alamar ciwon ita ce rauni da ke farawa daga ƙafafun baya yana hawa zuwa na gaba da wuya, da wahalar haɗiya da dalalar miyau, alhali karen yana cikin hayyacinsa. Wannan hani na ba da zuma ya shafi karen da ake yi wa maganin ciwon daji, da wanda ke shan firednisolon ko wani maganin danne garkuwar jiki na dogon lokaci.

Ciwon sukari, da wuri ɗaya tak da zuma ke ceton rai

Wasu na ganin tunda zuma daga ƙudan zuma take ba daga masana'anta ba, ta fi farin sukari sauƙi ga mai ciwon sukari. Jinin kare bai san wannan bambancin ba. Gulukos ɗin da ke cikin zuma ma ba ya bukatar narkarwa, kai tsaye yake shiga jini. Karen da ke karɓar insulin, maganin da ke saukar da sukarin jini, an daidaita allurarsa ne da abinci iri ɗaya, awo ɗaya, a lokaci ɗaya, yawanci sau biyu a rana da tazarar awa 12. Cokalin zuma a tsakani yana rusa wannan lissafi.

Wanda ya fi ban tausayi shi ne karen da ke da ciwon ba a sani ba. Mai shi ya ga yana ramewa duk da yana cin abinci sosai, sai ya shiga ba shi zuma don ya murmure. Rama tare da yawan ci, yawan fitsari, shan ruwa fiye da mililita 100 ga kowane kilo na nauyinsa a rana, da farin yana da ke rufe ido cikin ɗan lokaci, su ne alamomin ciwon sukari a kare. An fi ganinsa a karnuka masu matsakaicin shekaru zuwa tsofaffi, musamman karyar da ba a cire mata mahaifa ba. Gwajin jini da na fitsari ne ke raba gardama, kuma kafin a yi shi ba a ba irin wannan kare komai mai zaƙi.

Sai dai akwai lokacin da zuma ke da aiki na gaske: idan sukarin jini ya faɗi. Hakan na faruwa ga karen da insulin ya yi masa yawa, ko aka yi masa allura bai ci abinci ba, ko ya yi gudu fiye da yadda ya saba. Yana kuma faruwa ga 'yan kwikwiyon ƙananan jinsi irin su Ciwawa da Fomeraniyan idan suka daɗe ba su ci ba. Sukarin jinin kare lafiyayye yana tsakanin miligiram 70 zuwa 120 a kowace desilita, ƙasa da 60 kuwa matsala ce. Za a ga yana tangaɗi, jiki na ɓari, ido ya yi zuru ba ya gane mutane, daga nan sai jijjiga ko suma.

Nan ma ana kuskure, kuma kuskuren na kisa ne: a buɗe bakin karen da ya fita hayyacinsa a ɗura masa ruwan zuma. Wanda ba ya iya haɗiya, abin da aka zuba masa huhu yake tafiya. Ga yadda ake yi. In yana tsaye yana iya lasa, a ba shi kimanin ƙaramin cokali ɗaya ga kowane kilo 5 na nauyinsa ya lashe da kansa. In ya kwanta ba ya amsawa, a ɗaga leɓen sama ta gefe, a shafa zuma siriri a kan dasashi ta wajen haƙora, ba cikin maƙogwaro ba. Idan yana jijjiga kada yatsa ya shiga tsakanin haƙoransa, domin zai datse shi ba da saninsa ba. Cikin 'yan mintoci ya kamata a ga ya fara dawowa. Da ya iya ɗaga kai ya haɗiye, a ba shi abincinsa na kullum, a kama hanyar asibiti ko da ya miƙe ras. Ƙarfin zuma gajere ne, na insulin kuwa awoyi yake yi, sukarin zai sake faɗuwa. Kada a yi masa allura ta gaba sai an ji daga likita.

Ga kwikwiyo, garin gulukos ko sukarin da aka narkar a ɗan ruwa ya fi dacewa. In zuma ce kaɗai a hannu a yi amfani da ita, domin faɗuwar sukari ta fi saurin kisa. A kuma nannaɗe shi a ɗumama jikinsa, kwikwiyon da sanyi ya kama cikinsa ba ya narkar da komai.

Abin da ke cikin kwalbar

Wannan ne ya fi cancantar tsoro. Akwai kayan zaƙi da ake sayarwa da kamannin zuma da ɗanɗanonta, an rubuta babu sukari a ciki, don masu ciwon sukari da masu rage ƙiba. Wasunsu da zailitol ake yin su. A jikin kwalba za a ga an rubuta xylitol, ko birch sugar, ko lamba E967. Ga mutum ba shi da wata illa ta a zo a gani. Jikin kare kuwa yana ɗaukarsa tamkar sukari ne mai yawa ya shigo, sai ya kwararo insulin, sukarin jini ya faɗi warwas. Kashi ɗaya cikin goma na giram na zailitol ga kowane kilo na nauyin kare ya isa ya haddasa haka, wato rabin giram kacal ga karen kilo 5. Daga rabin giram ga kowane kilo zuwa sama hanta na iya lalacewa cikin kwana ɗaya zuwa uku. Alamu kan bayyana cikin minti 30 zuwa awa ɗaya, wani lokaci su yi jinkiri har awa 12. Ba a jiran alama. Da an gane ya sha, a ɗauki karen da kwalbar a tafi, a faɗa wa likita nauyinsa da yawan abin da ya sha da lokacin.

Haɗe-haɗe ma na da nasu. Zumar da aka jiƙa tafarnuwa ko albasa a ciki tana lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare, kuma illar ba ta fitowa sai bayan kwanaki: dasashi ya yi fari, fitsari ya yi duhu, kare ya riƙa haki daga 'yar tafiya. Kayan ƙwalam masu zuma da aka sa wa zabibi na iya kashe ƙoda. Masu cakulan ko gyaɗar makadamiya su ma guba ne gare shi. Maganin tari na mutane da alewar maƙogwaro masu hoton zuma a jiki sukan ƙunshi farasitamol ko zailitol ko wasu magungunan mura da ba a ba kare sai da awon likita. Ƙa'idar mai sauƙi ce: in jerin kayan haɗi ya wuce kalma ɗaya, ba na kare ba ne.

Ita kanta zuma tsantsa takan ɗauko dafi daga furen da aka yi ta da shi. A gaɓar Bahar Aswad ta Turkiyya da tsaunukan Nefal ana samun zumar furen rododendiron mai ɗauke da girayanotoksin, wanda ke rage bugun zuciya, ya saukar da hawan jini, ya sa amai da dalala da tangaɗi. Ana sayar da ita ta intanet, kuma ɗan abin da mutum zai jure ya fi ƙarfin ƙaramin kare. A Niyu Zilan akwai dafin tutin da ke shiga zuma ta hanyar tsiron tutu, har hukuma ta sa masa iyaka a zumar sayarwa. Zumar da ba a san asalinta ba, mai ɗaci ko mai ƙona maƙogwaro, ba a gwada ta a kan dabba.

Mutane kan zubar da zumar da ta daskare ta yi tsaki-tsaki, su ajiye wadda ta tsinke. Akasin haka ya kamata. Daskarewa gulukos ne ya taru, lafiyarta ƙalau, a tsoma kwalbar a ruwan ɗumi da bai wuce digiri 40 ba ta narke. Wadda ta sha danshi saboda an bar ta a buɗe, ta fara kumfa da warin tsami, murfinta na kumbura, ita ce ta fara zama barasa, kuma kare ba ya jure barasa. Kada a narkar da zuma a na'urar ɗumama abinci a miƙa wa kare nan take: samanta zai yi sanyi, cikinta na ƙuna, ga ta da manne wa harshe. Saƙar zuma kuwa kakinta ba ya narkewa a ciki, babban gutsure na iya toshe hanjin ƙaramin kare, sannan ƙudan da ya saura a ciki zai iya harbinsa a maƙogwaro.

Tari, ƙaiƙayi da zawo

Zuma na sanyaya maƙogwaron da tari ya goge, wannan gaskiya ne. Tarin da karnuka ke ɗauka a wurin cunkoso, wanda ƙwayar Bordetella bronchiseptica da wasu ƙwayoyin bairos ke haddasawa, busasshe ne mai ƙara, yakan ƙare da kakarin amai, kuma yawanci yana wucewa cikin mako ɗaya zuwa uku. Baligin karen da ke ci yana wasa za a iya ba shi awonsa na zuma a ɗan ruwan ɗumi, a ware shi daga sauran karnuka, a cire masa abin wuya a koma ɗaurin ƙirji. Zumar ba ta kashe ƙwayar cutar, sauƙi kawai take kawowa.

Matsalar ita ce ba kowane tari ne wannan ba. Tsohon ƙaramin kare mai tari da dare, wataƙila zuciyarsa ce ta fara gazawa ruwa na taruwa a huhu. Akwai lotsewar bututun iska, akwai tsutsar zuciya da sauro ke yaɗawa, akwai nimoniya. Abu biyu za a iya aunawa a gida. Zafin jikin kare ta dubura yana tsakanin digiri 38.3 zuwa 39.2, abin da ya haura zazzaɓi ne. Sannan a ƙirga ɗagawar ƙirjinsa yana barci na daƙiƙa 30 a ninka biyu: in ya wuce 30 a minti ɗaya a kai a kai, a kai shi a duba zuciya da huhu. Ƙin abinci, majina mai kauri, dasashi mai launin shuɗi-shuɗi, ko tari a jikin kwikwiyo, babu ɗayansu da ake jira da zuma.

Batun cewa zumar yankin da kare ke zaune na warkar da ƙaiƙayin da ƙurar fure ke sawa, babu ƙwaƙƙwarar hujja a kai. Ƙurar furen da ke cikin zuma galibi ta furannin da ƙwari ke ziyarta ce, wadda ke tayar da ƙaiƙayi kuwa ta ciyayi ce da itatuwa da iska ke kwasowa. Kafin ma a kai nan, a fara neman ƙuma. A taje bayan kare kusa da gindin wutsiya a kan jiƙaƙƙen farin ƙyalle: baƙin garin da ya zubo in ya narke ya yi ja, kashin ƙuma ne, kuma maganin ƙuma ake bukata.

Kwikwiyon da ke amai da zawo mai jini da ƙarni, musamman wanda ba a yi wa rigakafi ba, a ɗauka farbo ce, cutar bairos mai kama hanji, har sai gwaji ya nuna akasi. Ruwan zuma a baki ba ya zama a cikin da ke amai, yana ma ƙara zawon. Ƙarin ruwa ta jijiya ne ke ceto shi, kuma kowace awa tana da muhimmanci. Haka nan kada a zuba zuma a kwanon ruwan sha a bar shi wuni. Da ta tsinke ta daina hana ƙwayoyin cuta girma, ta koma abincinsu, ga ƙudaje da tururuwa.

Haƙorin kare bai cika ruɓewa kamar na mutum ba, amma zuma na maƙalewa a turamen baya. A goge masa da burushi da man goge baki na karnuka. Na mutane yana da fuloraid, wasu kuma da zailitol.

Zuma a kan rauni

A nan ne zuma ke da matsayi na gaske a likitancin dabbobi, a nan ne kuma garin neman gira ake rasa ido. Tana aiki ta hanyoyi sanannu. Yawan sukarinta na zuƙe ruwa daga ƙwayoyin cuta da kumburarren nama. Tana da tsami, ma'auninta na pH yana wajen 3.2 zuwa 4.5, yanayin da yawancin ƙwayoyin cuta ba sa so. Idan ruwan rauni ya tsinka ta, wani sinadari da ƙudan zuma ke sa mata yana sakin haidurojin feroksaid kaɗan-kaɗan, sai dai zafi na kashe wannan sinadarin, shi ya sa zumar da aka dafa ba ta da wannan ƙarfin. Zumar manuka ta Niyu Zilan da Ostareliya tana da ƙarin metilgilayoksal wanda zafi bai cika lalata shi ba.

Wadda asibiti ke amfani da ita an tace ta, an kashe ƙwayoyin cikinta da hasken gama, an rufe ta a bututu ko an jiƙa ƙyallen ɗauri da ita. Ta kicin ba a yi mata haka ba, kuma cokali ya sha shiga cikinta. Ko manuka ce aka saya don ci, ba ta zama ta asibiti ba.

Raunin da za a iya kula da shi a gida shi ne ƙujewa ko yanka na sama-sama, ƙarami, wanda jini ya tsaya. A aske gashin da ke kewaye. A wanke da ruwan gishiri: giram 9 a lita ɗaya ta tafasasshen ruwan da ya huce, wato ƙaramin cokali ɗaya da rabi a shafe, a fesa da sirinji marar allura har datti ya fita. Kada a zuba barasar asibiti ko tsantsar haidurojin feroksaid ta kwalba, suna kashe sabon naman da ke tofowa. A busar da gefen raunin. A shafa zumar a kan ƙyallen ɗauri mai tsabta, da kauri, sannan a ɗora ƙyallen a kan ciwon. In aka zuba ta kai tsaye, ɗumin jiki zai narkar da ita ta gangare. A ɗora wani ƙyallen mai tsotse ruwa a sama, a naɗe da bandeji.

Kurakurai uku ne ke ɓata wannan aiki. Na ɗaya, barin ciwon a buɗe da zuma a kai. Ƙudaje za su sauka su yi ƙwai, a lokacin zafi cikin kwana ɗaya tsutsa ta ƙyanƙyashe. Na biyu, mantawa cewa an shafa wa kare abin da yake so a wurin da ba a son ya lasa. Zai yage bandejin, ya iya haɗiye shi, ya buɗe raunin da harshe. Sai an sa masa abin wuyan nan na roba mai siffar mazurari, wanda bakinsa ya zarce hancin karen, dare da rana. Na uku, ɗaurewa tam. Yatsu biyu su iya shiga ƙarƙashin bakin bandejin. In a ƙafa ne, a bar yatsun tsakiya biyu a waje ana dubawa safe da yamma: in sun kumbura sun ware da juna, ko sun yi sanyi, a kwance nan take, domin ɗaurin da ya tare jini na iya jawo asarar ƙafar.

Ana canza ɗaurin aƙalla sau ɗaya a rana, sau biyu ko fiye a kwanakin farko idan ruwa na fita da yawa, tunda zumar da ta tsinke sarai ta gama aikinta. Ganin ƙarin ruwa a farko ba abin tsoro ba ne, zumar ce ke janyo shi. Raunin da ke warkewa yana yin ja mai sheƙi da ɗan tsaki-tsaki, gefensa na matsowa ciki. Da ya cika da irin wannan naman ya daina ruwa, an gama da zuma, sai ɗauri marar mannewa.

Akwai raunukan da zuma ba ta kusantarsu kafin likita ya gani. Cizon wani kare ko wata dabba ɗan rami ne a sama, ɓarna mai faɗi a ƙasa, toshe bakinsa na tara mugunya, ga kuma batun ciwon haukan kare da dole a bincika. Haka hudar ƙusa ko ƙaya mai zurfi, da raunin da ake hango ƙashi ko jijiya, da wanda ke kusa da ido, da ɗinkin tiyata, da wanda jini ya ƙi tsayawa bayan an danne minti 10. Ƙuna kuma ruwa mai sanyi-sanyi ake kwarara mata minti 10 zuwa 20, ba ƙanƙara ba, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle mai tsabta a tafi asibiti, domin zurfin ƙuna a ƙarƙashin gashi ba ya bayyana sai bayan kwana biyu ko uku. Ƙaramin raunin da ake ɗaurawa a gida ma, in ya kwana uku bai nuna sauƙi ba, ko ya fara wari, ko gefensa ya yi baƙi, ko kumburi na yaɗuwa, ko kare ya daina taka ƙafar, a kai shi likita da ɗaurin a jikinsa, a kuma faɗi irin zumar da aka sa da ranar da aka fara.